Cin abinci a babban brasserie na Paris: ya ci kuɗinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata mai zuwa zan je taro Paris, kuma abokan aiki sun ce za su kai ni cin abincin dare a irin manyan gidajen abincin nan da ake kira brasserie. Wasu na yabo, wasu na cewa tsada ce kawai. Yaya abin yake, kuma me Musulmi zai iya ci a wurin? Daga wata Hajiya a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Masu yabo da masu kuka duk suna da hujja.

Asalin gidajen nan wuraren sayar da giya ne, kuma 'yan yankin Alsace na gabashin Faransa ne suka yaɗa su a Paris, musamman bayan yaƙin 1870 da Jamus ta ƙwace yankinsu. Bofinger da ke kusa da Bastille tun 1864 yake, Lipp tun 1880, La Coupole na Montparnasse kuma 1927. Madubai, fitilu da ma'aikata masu baƙar falmaran da farin zane a ƙugu, duk suna cikin kuɗin da za ki biya, ko kin kalle su ko ba ki kalla ba.

Babbar fa'idarsu ita ce lokaci. Gidajen abinci da yawa a Faransa kan rufe kicin bayan ƙarfe biyu na rana sai wajen bakwai na yamma, amma brasserie yakan ci gaba da hidima har dare ya raba. Sannan ciniki na gudana, shi ya sa kifi bai cika daɗewa a ajiye ba. Burodi kyauta ne, ruwan famfo ma haka idan kika ce "carafe d'eau". In ba ki faɗa ba, na kwalba za a iya kawo miki, ki biya. Ladan ma'aikaci yana cikin farashi, ƙari ganin dama ne.

Rauninsu daga girmansu yake. Kicin da ke ciyar da ɗaruruwan mutane da jerin abinci mai tsawo ba zai dafa komai nan take ba. Miya da kayan zaƙi akan haɗa su tun da wuri. Ki duba alamar "fait maison", wadda doka ta tanada tun 2014 don abin da aka girka a gidan daga ɗanyun kaya. Tebura a matse suke, hayaniya kuwa ba ta barin a yi maganar sirri.

Batun halal ne ke buƙatar natsuwa. Abincin da suka fi shahara da shi, choucroute, kabeji ne mai tsami da naman alade da tsiran alade. Kalmomin "lardons", "jambon" da "porc" duk alade ne, kuma "lardons" kan ɓuya har cikin salak. Giya ma tana shiga tukunya: ja a boeuf bourguignon (dafaffen naman sa), fara a moules marinières (wasu kayan teku masu ɓawo), sau da yawa har a miyar albasa. Baba au rhum kuwa, wani kek ne da ake jiƙa shi a barasa. Naman sa da kaza, kada ki ɗauka yankan Musulmi ne sai an tabbatar miki.

Mafi aminci shi ne sole meunière: kifi ne da ake barbaɗa wa fulawa, a soya a man shanu, a matsa lemon tsami. Yana cikin masu tsada, amma da wuya a ɓata shi. Gasasshen kifi da dankali ma ya yi, sai ki ce a ajiye miyar a gefe, ki tambaya ko da giya a ciki. Babban farantin kayan teku da ake jerawa kan ƙanƙara yana da ban sha'awa, sai dai kawar da ke ciki ɗanya ake ci, kuma cikin da bai saba ba yana iya ɓaci ana gobe taro. Haka steak tartare, ɗanyen nama ne niƙaƙƙe.

Tunda gayyatarki aka yi, ki je. Idan kuma wata rana daga aljihunki ne, ki je da rana ki nemi "formule", wato kala biyu a ƙayyadadden farashi, wanda yawanci ya fi zaɓen ɗai-ɗai sauƙi.