Amsa ga ɗan kasuwar Jega da ke son shiga harkar kekuna

Wani mai shagon kayan masarufi a Jega ya aiko da tambaya kamar haka: "Na tara naira miliyan uku, ina so in buɗe wani layi na kasuwanci. Tun da mai ya yi tsada na ga mutane suna komawa keke, har da malaman makaranta. Abokina da ke sari a Legas ya ce in ɗauko kekuna masu batir, wai su ne yayi, ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da na gwanjo masu giya. Wanne zan kama, kuma in bayar bashi a riƙa biya wata-wata?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Abin da idonka ya gani gaskiya ne, kuma dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Kafin a janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa, saboda haka ma'aikacin da ke hawa babur tsakanin gida da wurin aiki dole ya sake lissafi. Sai dai akwai rabin labarin da abokinka bai faɗa maka ba, wato darajar naira ma ta faɗi a wannan tsakani, daga wajen 460 a kan dala ɗaya a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024, alhali kusan duk keken da ake hawa a ƙasar nan da kayan gyaransa daga waje suke shigowa. Mai son sayen keken ya ƙaru, amma aljihunsa ya ragu, kuma wannan shi ne mutumin da za ka yi ciniki da shi.

Shawarata ita ce kada ka zuba jarinka a keke mai batir yanzu. Ba don ƙirar ba ta da kyau ba, tana da kyau ƙwarai, domin ƙaramin injin da ke tsakiyar taya yana rage wa mahayi rabin wahala. Matsalar tana cikin batirin, wanda shi ne abu mafi tsada a jikin keken. Batirin litiyam yana da adadin cajin da yake ɗauka kafin ƙarfinsa ya fara ja baya, zafi kuma yana gaggauta tsufansa, kai kuwa ka san yadda Jega take a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Idan aka haɗa da wutar da ba ta tsayawa, da cajar da ba ta dace ba wadda kan iya jawo gobara, da kuma rashin makanikin da zai buɗe akwatin lantarkin ya gane kansa, za ka ga cewa ranar da keken ya tsaya, ƙofar shagonka za a jingine shi, kai kuma ba ka da abin da za ka ce wa mai shi. Kekuna uku ko huɗu za su cinye mafi yawan kuɗinka, su bar ka kana jiran mai saye ɗaya a wata. Idan wani mai hali ya nema, ka karɓi kuɗinsa tukuna sannan ka yi masa oda.

Na gwanjon da zuciyarka ta kwanta da su ma suna buƙatar ido. Yawancinsu an ƙera su ne don hanyoyin Turai da Amurka da Japan, kuma girman tayoyinsu ya bambanta: akwai inci 26, akwai 27.5, akwai 29, akwai siririyar tayar kekunan tsere. Duk keken da tayarsa ba ta samuwa a Jega ko Birnin Kebbi ya zama kayan ado daga ranar da tayar ta fashe. Haka kuma firam ɗin alminiyom, duk da rashin nauyinsa, idan ya tsage mai walda na bakin titi ba zai iya haɗa shi ba, alhali na ƙarfe ana gyara shi kafin a sha shayi. Birkin faifai mai aiki da ruwa yana kamawa da kyau, amma ranar da ya yi yoyo sai an nemo ruwansa da wanda ya iya zuba shi. Saboda haka idan ka je sari, ka tsaya a kan firam na ƙarfe, taya inci 26, da birkin waya. Ka ɗaga gaban keken ka juya tayar, ka zuba ido a tsakanin wili da robar birki. Idan tazarar tana buɗewa tana rufewa, wilin ya lanƙwashe. Ka shafa yatsa ƙarƙashin mahaɗar ƙarfen da ke kusa da kan keke, inda fenti ke tattarewa idan an taɓa yin karo da shi. Ka ja sarƙa daga jikin babban haƙori, idan ta ɗago har ka hango haske a ƙarƙashinta to ta gama aiki, sai ka cire kuɗinta daga farashi.

Akwai kuma keken da ba ka ambata ba, wanda ni shi na fi so ka fara da shi, wato baƙin keken nan mai taya inci 28 da kariyar ɗora kaya a baya, ƙirar da Raleigh ta garin Notingham a Ingila ta yi suna da ita, wadda daga baya Phoenix ta Sin da Hero da Avon na Indiya suka cika kasuwanninmu da irinta. Matasa na yi masa kallon keken tsofaffi, amma shi ne ke ɗauko buhun shinkafa daga fadama, shi ne ke kai jarkokin ruwa da kwandon albasa daga ƙauyukan Aliero, kuma babu garin da za a rasa mai gyaransa. Ko masu sabuwar ƙira sun gane haka, domin keken Buffalo, wanda ƙungiyar World Bicycle Relief ta tsara don karkarar Afirka, komawa ya yi ga ƙarfe mai kauri da kariyar da ke ɗaukar kilo 100. Manomi ba ya tambayar giya nawa ce, abin da yake tambaya shi ne ko zai ɗauki kaya.

Yanzu ga inda kuɗin yake. Ka je ka zauna awa biyu a wurin mai faci, ƙarƙashin dogon yaro, ka ga yadda yake tsoma tib cikin kwanon ruwa yana bin kumfa har ya gano inda tsidau ya huda, sannan ka ƙirga mutum nawa suka zo, da abin da kowa ya nema aka ce babu. Keke sau ɗaya ake sayensa a shekaru da yawa, amma taya da tib da bawul da boris da robar birki da feda da sarƙa kullum cikin ci suke, musamman a ƙasa mai yashi da ƙaya irin tamu. A matsayin misali kawai, idan keke ya ba ka ribar kashi 15 cikin ɗari amma ya yi wata biyu a shago, kayan gyara kuma suka ba ka kashi 10 amma kuɗinsu ya juya sau huɗu a wannan lokaci, to kayan gyaran sun ninka ribar keken fiye da sau biyu a kan jari iri ɗaya. Da ni ne, da na sa kamar miliyan ɗaya da rabi a kekuna, dubu ɗari tara a kayan gyara, dubu ɗari biyu a kayan aiki da rumfa, in ajiye dubu ɗari huɗu ba tare da na taɓa su ba, saboda farashin sari yana iya tashi kafin ka koma. Ka zaunar da makaniki a bakin shagon, ko da ba za ka karɓi kuɗin wuri a hannunsa ba, domin shi zai riƙa turo maka masu sayen kayan gyara, kuma shi zai haɗa sababbin kekunan da ke zuwa a kwali, aikin da idan aka yi shi da gaggawa sunanka ne zai ɓaci.

Maganar tsaron mahayi ba wa'azi ba ce a nan, ciniki ce. Jega mahaɗar hanyoyi ce, manyan motocin da ke tsakanin Sakkwato da Yawuri da masu karkatawa Birnin Kebbi duk ta cikinta suke bi, kuma direban tirela ba ya ganin baƙin keke bayan magariba, balle a lokacin hazo. Kada keke ya fita daga shagonka sai da ƙararrawa, da fitila a gaba, da jan abu mai ƙyalli a baya da jikin feda, kuma ka sa kuɗinsu cikin farashi tun farko, domin idan ka ware su mai saye zai ce sai wani jiƙon. Murfin sarƙa ma yana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda yake a wurin waɗanda suka ƙera kekunan gwanjo, saboda bakin wando ko gefen doguwar riga na shiga sarƙa ya kayar da mutum. Ka gaya wa mai sayen baƙin keke cewa birkinsa na sanda yana rage kamu idan wili ya jiƙe da damina, ka kuma tuna wa yara cewa hannun dama ake bi tare da motoci, ba a tunkare su ba. Hular kwano kuwa, gaskiya ba ta da kasuwa sosai, amma ka ajiye kaɗan na yara, iyayen da suka sayi keken makaranta sukan ɗauka idan an nuna musu.

Game da bashi, ka yi taka-tsantsan, domin a shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari, kamar 2024, kuɗin da aka biya ka bayan wata shida ba zai sake sayo keken da ka bayar ba. Idan za ka bayar, kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na kekunan, kada wa'adi ya wuce wata uku, kuma a ba da rabin kuɗi a hannu. Jumhurin malamai sun halatta farashin ajali ya ɗara na hannu, da sharaɗin a yanke farashi ɗaya lokacin ƙulla ciniki kuma kada a ƙara komai saboda jinkiri, amma ka zauna da malamin da ka amince da shi ya duba maka tsarin. A rubuta, a sa shaidu, kuma ya fi aminci ka bi ta ƙungiyar adashen ma'aikata wadda za ta tsaya wa 'ya'yanta. A kowane rasit ka rubuta lambar da ke jikin firam, domin ranar da aka sace keken ita ce kaɗai shaidar mai shi.

Ka daidaita sarinka da lokacin da kuɗi ke hannun jama'a: bayan kaka da bayan girbin shinkafar rani don baƙin keke, watan Satumba don na 'yan makaranta, gab da Sallah don na ƙananan yara. Tafiyarka ta farko zuwa Kano ko Sakkwato ka yi ta tare da makanikin, ka bar shi ya zaɓi kayan gyaran da kansa, kai kuma ka riƙe littafi kana rubuta farashin kowane abu a shaguna uku kafin ka ciro kuɗi.