Kuɗin Dare Ɗaya: A Ƙirga Su da Buhu

Tambaya: Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Na ajiye masara buhu 200, farashi ya yi tashin gwauron zabi, na sayar, na riƙe kuɗin da ban taɓa riƙewa ba. Uwargida ta ce in yi hattara kada in zama irin mutanen fim, yau attajiri, gobe neman na cefane. Ashe haka na faruwa da gaske?

Amsa: Alhaji, ka gode wa uwargida. Masu shirya fim sukan ƙara gishiri, amma tsarin faɗuwar da suke nunawa daidai yake: sabuwar mota, ƙarin aure, maroƙa a ƙofar gida, sai abokin da ya zo da "wata harka mai riɓanya kuɗi". Tun kafin fim ma iyayenmu mata sun ba mu labarin Gizo da hankaki. Sun ara masa fuka-fukai ya je cin ɓaure a tsakiyar ruwa, ya ga 'ya'ya sun nuna, ya shiga cewa wannan nawa ne, wancan ma nawa ne. Suka karɓe gashinsu suka tashi. Gizo ya manta cewa abin da ya kai shi kan bishiyar na aro ne.

Kai ma tashin farashi ne ya ara maka fuka-fukai. Don haka kafin ka taɓa ko kwabo, ka shiga kasuwa ka tambayi kuɗin buhu a yau, ka lissafa nawa za ka kashe ka mayar da buhu 200 cikin sito, har da kuɗin dako, da na 'yan lodi, da maganin ƙwari. Wannan shi ne uwar kuɗi. Abin da ya saura a sama kaɗai ne riba, kuma sau da yawa za ka tarar bai kai yadda ido ya gani ba. Naira ta yi yawa a hannu tun bayan cire tallafin mai a 2023, amma buhun da take saya ya ragu.

Kuma hatsi ba kullum yake hawa ba. Wanda ya hau a 2024 ya sauko a 2025, waɗanda suka cika sito da kuɗin bashi suna jiran ƙari suka ji a jikinsu.

Daga ribar, fara fitar da haƙƙin Allah: kayan ciniki ɗaya bisa arba'in ne idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Sannan ka biya duk wanda yake binka. Abin da na fi jin tsoro shi ne hidimar da ba ta ƙarewa. Mota sau ɗaya ake sayenta, amma kullum sai ta sha mai, ga bakanike. Gyaran rufin gida kuwa, da an yi an gama.

Shi kuma abokin nan mai harka, zai zo, ina mai tabbatar maka. Ka tuna masa da MMM a 2016 da CBEX a 2025, harkokin riɓanya kuɗi da suka rushe da kuɗin mutane.

Ragowar ka ajiye a asusu daban da na shago, wanda ba ka yawo da katinsa a aljihu, ka bar shi wata uku ba ka taɓa ba. Hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin ajiya idan banki ya rushe, tana lamunce har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, don haka idan sun haura haka, ka raba su banki biyu.