Motar da ke tuƙa kanta: yadda take ganin hanya, da inda take gazawa

Tambaya: Ni direban haya ne, na daɗe a kan sitiyari. Na ga bidiyon wata mota a Amurka tana ɗaukar fasinja babu kowa a kujerar direba. Da me take ganin hanya? Kuma za ta raba mu da sana'armu nan kusa?

Amsa: Malam, abin da ka gani gaskiya ne, ba haɗin kwamfuta ba ne. Kamfanin Waymo, wanda ya samo asali daga wani aikin Google na 2009, ya buɗe wa jama'a hayar mota marar direba a birnin Phoenix a watan Oktoba 2020, daga baya ya shiga San Francisco da Los Angeles. A Sin ma kamfanin Baidu yana irin wannan haya a birnin Wuhan. Sai dai bidiyon bai nuna maka cewa motar tana da iyakar da ba ta ƙetarewa ba, kuma a nan ne amsar tambayarka take.

Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta kasa tuƙi mataki shida, daga 0 zuwa 5. A mataki na 2 mota tana riƙe layi, ta taka totur da birki da kanta, amma alhakin komai yana wuyan direba, kuma dole idonsa ya tsaya kan titi. Autopilot na kamfanin Tesla a nan yake, duk da girman sunan, wanda ke nufin tuƙi da kai. A mataki na 3 direba yana iya kau da kai a wasu yanayi kaɗan. Jamus ta amince wa Mercedes da wannan a ƙarshen 2021, a babban titi lokacin cunkoso, gudun da bai wuce kilomita 60 a awa ba. Motocin Waymo suna mataki na 4: babu direba, amma a cikin yankin da aka shata musu. Mataki na 5, wato motar da za ta bi kowace hanya a kowane yanayi, babu wanda ya ƙera ta har yanzu.

Idanunta iri uku ne, kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Kyamara ce ke karanta launin danja da allunan hanya, amma hasken rana in ya doke ta kai tsaye, ko duhu ya yi yawa, tana rauni. Rada tana aika igiyar rediyo ta auna nisan abu da gudunsa, ruwan sama da hazo ba su cika damunta ba, sai dai ba ta fitar da siffar abu sosai. Ta uku ita ce lida, wannan abin da ke juyawa a saman motar: tana harba hasken lesa ta lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, da haka take zana siffar duk abin da ke kewaye. Ƙura da hazo mai kauri suna warwatsa haskenta, don haka ƙurar hunturu irin tamu babbar matsala ce gare ta. Jaguar ɗin da Waymo ke amfani da ita tana ɗauke da kyamara 29, lida 5 da rada 6.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne taswira. GPS yakan yi kuskuren mita da yawa, alhali faɗin layi ɗaya na titi kusan mita uku da rabi ne kawai. Saboda haka kafin a saki motar a gari, sai an bi titunansa ɗaya bayan ɗaya an auna layi, gefen kwalta, tsayin danja da mashigar shataletale. Motar tana gwada abin da take gani da wannan taswira ta san inda take daidai da 'yan santimita. Aka canza hanya ko aka toshe ta, sai an gyara taswirar. In ta rikice takan tsaya, wani ma'aikaci daga ofis ya duba kyamarorinta ya nuna mata mafita.

Inda take faɗuwa shi ne abin da ba ta saba gani ba. A ranar 18 ga Maris 2018, motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kashe wata mata da ke tura keke tana tsallaka titi da dare a Tempe, jihar Arizona. Binciken hukuma ya nuna na'urar ta hango ta fiye da daƙiƙa biyar kafin karo, amma ta yi ta sauya hukunci, yanzu ta ce mota ce, yanzu ta ce keke, ba ta gane mai tafiya a ƙasa ce ba. An kuma kashe birkin gaggawa na asalin motar, mai sa ido da ke ciki hankalinta yana kan waya. A Oktoba 2023 kuma, a San Francisco, wata mota mai direba ta banke wata mata ta jefa ta gaban mota marar direba ta kamfanin Cruise. Motar Cruise ɗin ta tsaya, sannan ta nemi sauka gefe ta ja matar kusan mita shida a ƙarƙashinta. Jihar Kalifoniya ta dakatar da lasin kamfanin, kuma a Disamba 2024 General Motors, kamfanin da ya mallaki Cruise, ya daina zuba kuɗi a harkar.

Duk da haka ban ga dalilin raina fasahar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, direban da ya kalli waya na daƙiƙa biyu ya yi tafiyar mita 56 ido rufe. Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta shan ƙwaya. Makaho da tsoho kuma sun sami abin hawa ba tare da roƙon kowa ba. Cunkoso ne ba na tsammanin za ta rage, domin tana yawo babu fasinja tsakanin haya da haya.

Game da sana'arka, Malam, ka kwantar da hankalinka. Titin da layinsa ya goge, ga adaidaita sahu da 'yan acaba suna kutse ta ko'ina, ga jami'i yana ba da hannu maimakon danja, ga shanu suna tsallakawa, shi ne mafi wuyar da za a ba wannan mota. Ƙara da tsadar na'urorin da ta taswira, a inda ladan direba bai taka kara ya karya ba, babu ribar da za ta jawo kamfani.

Abin da ya riga ya iso mana shi ne na'urorin taimakon direba a cikin motocin Kwatano, kamar Corolla ta 2017 da Camry ta 2018 zuwa sama waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka. Kyamararsu tana manne a gilashin gaba, bayan madubin tsakiya, radar kuma tana bayan tambarin kamfani a gaban mota. In aka canza gilashin ko aka yi gyaran bamba, dole a sake saita su da kwamfuta, in ba haka ba motar za ta iya taka birki babu dalili, ko ta ƙi takawa a lokacin da ake bukata. Kada a liƙa sitika a kan tambarin, a riƙa goge ƙurar wurin kullum da safe, kuma ko da motar tana riƙe layi da kanta, hannunka ya zauna a kan sitiyari.