Tambaya da Amsa: Za Mu Zagaya Tsaunukan Tula da Ƙafa, Ina Fargabar Saran Maciji

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni da abokaina mun shirya tattaki ta ƙauyukan da ke kewaye da tsaunukan Tula a watan Nuwamba. Hanyar zagaye ce ta kusan kilomita 12, za mu tashi daga inda muka ajiye mota mu dawo nan. Abin da ke hana ni barci shi ne macizai. Kawuna ya ba ni baƙin dutse, ya ce in riƙe reza da igiya, idan maciji ya sari wani a ɗaure, a tsaga, a manna dutsen. Shin wannan ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Fargabarka tana kan hanya, Malam, domin Tula a ƙaramar hukumar Kaltungo ta jihar Gombe take, inda kububuwa ta yi yawa, kuma Nuwamba lokacin girbi ne, lokacin da saran maciji ke ƙaruwa a gonaki. Tafiyar kanta ba za ta gagare ku ba idan kun yi sammako, kun ɗauki isasshen ruwa, kun sa takalma masu rufe idon sawu da dogon wando mai kauri. Ku bi hanyar da ƙafa ta riga ta fitar, kada kowa ya cusa hannu a kogon dutse ko tarin kara. Ku kuma tuna cewa a hanyar zagaye tsakiyarta ce ta fi nisa da mota, don haka ku san ƙauyen da babur zai iya isa a kowane ɓangare.

Kayan da kawunka ya haɗa maka kuwa, ina roƙonka ka bar su a gida. Na san da kyakkyawar niyya ya ba ka, amma waɗannan abubuwa uku ne muke fama da ɓarnarsu kullum a asibiti. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. Idan ka tsaga wurin da reza, ka buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba ƙofa, sai a kawo mana mutum an naɗe masa ƙafa da zani ya jiƙe sharkaf, alhali raunin haƙoran macijin bai wuce ɗigo biyu ba. Igiya kuma tare jini take yi daga isa ga nama. A ɗaure ta tamau na sa'o'i, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, daga ƙarshe a yanke ta saboda ɗaurin, ko da an ci ƙarfin dafin. Shi kuwa baƙin dutse mannewa yake yi a kowane wuri mai danshi, ba ya zuƙo dafin da ya riga ya shiga jiki. Haka tsotsa da baki.

Za ka ce ai ga wane da aka manna wa dutse ya warke. Ba kowane maciji ke da dafi ba, mai dafin ma wani lokaci yakan yi sara bai zuba komai ba. Irin waɗannan mutane ko ba a taɓa su ba za su tashi, su ne kuma masu tallar magani a tasha da kasuwa ke kafa hujja da su, ba sa taɓa ambaton wanda aka riƙe a ɗakinsu kwana uku ana ɗura masa jiƙo har jini ya fara fita ta dasashinsa da fitsarinsa. Mugun halin kububuwa ke nan: wanda ta sara yakan yi hira garau a ranar farko, iyalansa su ce an samu sauƙi, jini kuwa yana iya zuba a ciki ko a ƙwaƙwalwa daga baya. A asibiti ana zuba jininsa a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a jira minti 20. Idan bai daskare ba, an san allurar kashe dafi yake bukata nan take. Wane mai dutse ne ya taɓa yin wannan gwaji?

Idan abin ya faru, ku janye shi daga wurin, ku kwantar masa da hankali, ku cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, ku tallafe gaɓar da sanda yadda ba za ta motsa ba, ku ɗauke shi kada ya taka. Farasitamol kaɗai za ku iya ba shi, ban da asfirin da ibuprofen da diclofenac, domin suna ƙara zubar jini. Kada ku tsaya farautar macijin. Idan kumurci ya tofa wa wani dafi a ido, ku wanke da ruwa mai yawa.

Kun yi dace asibitin kula da saran maciji yana nan Kaltungo, can za ku nufa kai tsaye. Kada ku sayi allura a kanti da kanku, domin wadda aka yi don macizan Indiya ba ta aiki yadda ya kamata a kan kububuwarmu. Irin su EchiTAb ne aka haɗa don macizan wannan yanki. Kafin ku tashi, ku karɓi lambar wayar mai babur a ƙauyen farko, ku tabbatar direbanku ya san hanyar asibitin.