Allurar mita tana rawa: fara duba wayar at

Ɗan'uwa, sannu da fama. Ka ce a-kori-kurarka da zarar ka kunna fitilun gaba, sai allurar mai da ta zafi su tashi tare, fitilar batir kuma ta riƙa ƙyaftawa. Don Allah kada ka yi saurin sayen sabuwar mita.

Idan allurai biyu suka rikice lokaci guda, yawanci matsalar a waya take. Tawa ta taɓa yin haka a hanyar Illela. Da mai rewaya ya kwance wayar at, wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, sai ga tsatsa da jar ƙura sun cika bakinta, noti kuma ya yi sako-sako saboda gargadar hanya. Ya goge da sanfefa, ya ɗaure, shi ke nan.

Sai ka sa a auna batir. Mota a kashe, ya kamata ya nuna ƙarfin wuta wajen volt 12.6, inji na aiki, tsakanin 13.5 da 14.5. In inji na aiki ya gaza haka, altaneta ce, wato na'urar da ke cajin batir, ko bel ɗinta ya saki. A duba fiyus ma.

Abin da nake roƙonka: kafin a gyara, kada ka yarda da allurar zafi. A zafin Sakkwato na watan Afrilu, da ke haura digiri 40, inji na iya tafasa ba ka sani ba. Duba ruwan lagireto kowace safiya, inji a sanyi. Jar fitilar baƙin mai kuwa, in ta kama kana tafe, tsaya ka kashe mota nan take.