Ruwan zarton injin katako ya ƙi ɗauruwa

Malam, ka ce kana ta murɗa hannun ɗaurewa amma ruwan zarton sakwa-sakwa yake, har yana sauka daga wili biyun da yake zagayawa a kansu. Kashe wuta tukuna. Buɗe murfin sama ka duba dogon ƙarfe mai zare da notinsa, wanda hannun ɗaurewa ke juyawa. Galibi garin katako ne ke cakuɗewa da tsohon giris ya daskare, sai wilin sama ya kasa ɗagawa. Nawa ma ya taɓa yi a Ringim, kananzir da tsohon buroshin haƙori suka warware shi. In zaren ya cinye ko sifirin da ke jikin ƙarfen ya kwanta, don Allah kada ka yi masa ciko. Ɗauki tsohon ka je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a nemo daidai shi. Kullum ka tashi daga aiki, sassauta zarton.