Shawarar Lauya: Ko Zan Iya Turke Shanu a Yankin Masana'antu a Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwar shanu ne a Oko-Oba, Agege. Na samu wani tsohon sito mai fili a bayansa a yankin masana'antu da ke Ikorodu, ina so in karɓe shi haya in turke bijimai sittin, kuma ɗana da ya karanta kimiyyar dabbobi yana so ya ware ɗaki ya riƙa gwajin haɗin abincinsu. Mai wurin ya ce in biya kuɗin shekara biyu, babu wanda zai tanka mini tunda ba unguwar zama ba ce. Shin maganarsa tana kan hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka biya ko sisin kwabo tukuna, domin mai wuri yana da ikon ba ka haya, amma ba shi da ikon canza abin da gwamnati ta ware wurin dominsa.

Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma takardar shaidar mallaka da ake bai wa mai fili tana ɗauke da manufar da aka ba shi filin a kanta, ko zama, ko kasuwanci, ko masana'anta, ko noma. Sashe na 28 na dokar ya ba gwamna damar soke mallakar idan aka saɓa wa sharuɗɗan takardar. Saboda haka ka fara da neman ganin wannan takarda da idonka, kuma idan mai wurin ya yi ta kwana-kwana, to ka riga ka samu rabin amsarka.

Bayan haka akwai dokar tsara birane ta Jihar Legas ta 2010, wadda ta kafa hukumar LASPPPA mai ba da izinin gini da amfani da fili, da hukumar LASBCA mai sa ido kan gine-gine, wadda take iya tsayar da aiki, ta garƙame wuri, ko ta rushe shi. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, cewa tsara birane hurumin jiha ne, don haka wata takarda daga Abuja ko rasit ɗin ƙaramar hukuma ba za su maye gurbin izinin gwamnatin jiha da ke Alausa ba.

A fahimtata, abubuwa biyu ka haɗa a cikin tambayarka, kuma doka ba za ta dube su da ido ɗaya ba. Ɗakin gwaji da injin niƙa dusa, masara da ƙuli sun yi kama da aikin masana'anta, don haka samun izininsu ya fi sauƙi, sai dai idan abincin zai shiga kasuwa dole a nemi rajistar NAFDAC. Turken shanu kuwa kiwo ne, kuma kiran sa da sunan bincike ba zai raba shi da wannan matsayi ba, domin jami'in da ya zo dubawa kashi da fitsari da ƙudaje zai gani. Nan ne hukumar kare muhalli ta LASEPA take shigowa, ta tambaye ka inda ƙazantar take zuwa idan damina ta sauka, kuma Legas gari ne da ruwa yake kwanciya a cikinsa. Ko da ka samu izini, maƙwabcinka mai sarrafa abinci ko magani yana da damar kai ka kotu kan wari da gurɓata magudanar ruwa. Na san abin da ya sa 'yan'uwanmu da dama suke neman irin wannan wuri, tun da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu kan dokar hana yawon kiwo a Satumba 2021, amma wannan doka ba ta halatta turke a ko'ina ba.

Hanya ta farko ita ce ka sa safiyo ya fitar da taswirar filin, ka kai ta ofishin LASPPPA na yankin, ka nemi bayani a rubuce kan abin da tsarin Ikorodu ya ware wurin dominsa. Idan bayanin ya nuna masana'anta kaɗai, mai filin ne da kansa ya kamata ya nemi canjin manufar filin, tare da rahoton ƙwararren mai tsara birane da na muhalli, kuma hukuma tana iya ƙin amincewa. Idan ka zaɓi wannan hanya, sai lauyanka ya rubuta a yarjejeniyar haya cewa ba za ta fara aiki ba sai izini ya fito, kuma za a dawo maka da kuɗinka idan bai fito ba.

Abin da na fi karkata gare shi shi ne ka raba aikin gida biyu: ɗakin gwajin yaronka da injin niƙa su zauna a siton, shanun kuma ka nema musu filin da aka ware wa noma a ɓangaren Epe, inda ita kanta gwamnatin jiha ta zaɓi Igbodu domin shirinta na turken shanu. Ka je Ma'aikatar Aikin Gona a Alausa da lauyanka, ku tambayi sharuɗɗan samun fili a can, kafin ka koma wurin mai siton da amsa.